Ban Ankara Ba Sai a Ankara

Tun da na dawo daga Gana ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin tasharmu ta Gummi sai wani ya matso: "Malam Nasiru, ƙaƙa Gana? Da gaske na ba a hangen tsallaken teku?" Wannan tambayar ina jin daɗinta, ina iya kaiwa azahar ina amsa ta. Wadda ba na so ita ce mai bi mata: "To ina Lawali? Ba tare kunka tahi ba?" Nan sai in ce yana can yana wani aiki, in kai kofi baki da sauri, in ƙona harshe. Na gaji da ƙona harshe, shi ya sa na ce bari in rubuta labarin gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Lawali taubashina ne. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, wan mahaifiyata ne, kuma shi ke da injin niƙa na bakin kasuwar Bukkuyum. Sa'annin juna ne mu, tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kamar yadda taubasai suka saba. Ni na yi karatu har difloma a kan kwamfuta, ina koyar da ita a wata makarantar kuɗi a Gummi, inda nake zana ta a allo da alli saboda ba mu da ko guda. Shi kuwa a aji uku na sakandare ya tsaya, ya yi shekaru yana zuba dawa a injin babansa, daga baya ya koma Anka ya kafa rumfar gyaran rediyo da waya, har ya kai ga buɗe cikin kwamfutocin mutane. Turancinsa bai wuce sunayen kayan gyara ba. Amma in ka ji yadda mutanen Anka ke faɗin "hannun Lawali" sai ka ɗauka wani waliyyi ne. Ni da nake da takarda ban taɓa jin an ce "kan Nasiru" ba.

Alhaji Bawa, ƙanin mahaifiyata, wanda nake kira Kawu shi kuma Lawali ke kira Baffa, shi ya haɗa mu tafiyar. Dillalin hatsi ne, Allah ya buɗa masa, sai ya ƙudiri buɗe wurin koyon kwamfuta a Anka. Abin da ke damunsa shi ne yaranmu da yawa ba su taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar da aka kai su Gusau zana jarrabawar shiga jami'a a kanta. Kawu ba ya sayen komai sai ta hannun aboki, kuma yana da wani tsohon abokin fataucin goro, Alhaji Isaka, a Ankara, ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba. Shi ya ba shi labarin wani sito da ake gyara tsofaffin kwamfutoci ana gwada kowace a gaban mai saye.

"Ku tahi ku biyu," in ji Kawu. "Kwamhuta ashirin nika so, kuma ku sawo masu giga da yawa."

A wajenmu giga ita ce mudun komai. Data giga, memorin waya giga, har rago mai ƙiba na ji an ce yana da giga. Na yi murmushin masu ilmi. Sai Kawu ya ƙara maganar da ta hana ni sukuni: "Wanda Isaka yac ce min shi yas san aikin, shi za shi riƙa makullin wurin."

Makulli ɗaya, mu biyu. Ina son makullin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Na gaji da alli.

Sai da rana ta fito sosai muka bar Gummi, don a zamanin nan ba direban da ke shiga hanyar Kajiji da duku-duku ko bayan la'asar, saboda 'yan bindiga. Motar shiru, kowa na jan abin da ya sawwaƙa a zuci. Da muka hau babban titin Jega sai wata tsohuwa ta kwance ƙullin gyaɗa ta miƙa baya, hira ta ɓarke kamar an buɗe famfo. A Jega muka sauya mota, sai wayar sabon direban ta ƙi ɗaukar caji. Lawali ya karɓa, ya ari allura wajen wata mata, ya zaƙulo wani ƙullin datti daga gindin wayar, ta kama. Direba ya rantse Lawali ba zai zauna baya ba. Haka muka bi Koko da Bagudo muka ƙetare kogin Kwara, shi yana gaba yana miƙe ƙafa, ni ina baya tsakanin buhun busasshen kifi da wani mutum mai barci a kafaɗata.

Na ce a raina ba komai, iyaka na nan tafe, can za a san wa ya yi boko. Tun daga gida na tanadi Turancin da zan yi wa jami'ai.

Da muka wuce Tsamiya muka isa ɓangaren Binin, sai jami'in ya karɓi takardunmu da katin rigakafi, ya yi mini wata tambaya da Faransanci. Na amsa da Turanci. Ya maimaita. Na ɗaga murya na sake amsawa da Turanci, kamar ƙarar ce ba ta isa ba. Ya ajiye takardunmu gefe ya kira na baya. Muka yi kusan awa a tsaye cikin rana. Can Lawali ya ji abokin aikin mutumin yana taya nono wajen wata Bafillatana da Fillanci. Mahaifiyar Lawali, Inna Jumma, Bafillatana ce daga wata ruga ta bayan Bukkuyum, da Fillanci ta goya shi. Ya matsa ya gaishe shi, suka tambayi lafiyar shanun da ba wanda ya mallaka cikinsu, kafin ka ce kwabo an buga mana hatimi. Ashe abin da ake tambayata tun ɗazu shi ne garin da za mu sauka.

"Da Turancin ga naka saniya ta, da mun tatsa mun sha," in ji Lawali. Na yi dariya don mutane na kallo.

A garin Faraku na Binin muka yada zango, a wani gidan baƙi mai tsabta da aka ajiye wa kowa bokitinsa da sabulu rabi. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, sai ka tsoma shi a shayi ka ba shi haƙuri. Da rana kuwa sakwara muka ci da cuku soyayye mai jan baya, wanda ban taɓa cin irinsa ba, kuma ko shi ta bakin Lawali aka samo, don masu sayar da shi Fulani ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mata a kan babur. Na ga wata da goyo a baya, da daro a ka, tana tuƙi da hannu ɗaya tana gaisawa da ɗayan. Na tuna yadda Gummi ta yi mako tana maganar malamar asibitin da ta hau keke. A Kwatano kuma 'yan acaba duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, ga fetur a manyan kwalabe a bakin titi, wannan kam kamar gida.

Teku sai a Lome na gan shi da kyau, dab da iyakar Gana, wadda ke cikin gari tsamo-tsamo. Masu tambaya, gaskiya ne ba a hangen tsallakensa. Na tuɓe takalmi na ajiye a yashi don in ɗan tsoma ƙafa, ruwa ya taso ya tafi da ƙafa ɗaya. Da silifa na shiga Gana. Amma ban damu ba, domin ina ɗaga kai na ga alluna da Turanci. Na ji kamar an kwance mini dabaibayi. Ƙasa biyu na ratsa ina bin Lawali kamar raƙumi da akala, yanzu shi zai bi ni.

Alhaji Isaka yana zaune a zango, wato wajen Hausawa, a unguwar Nima. Dattijo ne mai fara'a, ya ce kakansa daga ƙasar Zamfara ya zo da ayarin goro bai koma ba. Ya ba mu ɗaki a saman bene, inda ake jin kiran salla daga masallatai huɗu ba wanda ya jira wani. Hausarsu ce ta kusa kashe ni da dariya. Ba ruwansu da mace ko namiji. "Matana ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo," in ji Alhaji. Na dubi Lawali, ya kau da kai. Ni kuwa na samu abin wasa, duk inda muka zauna mu biyu sai na kwaikwaya.

Abincinsu akwai sunayenmu a ciki, amma an yi musu kwaskwarima. Shinkafa da wake suke kira wace, ja ce saboda karan dafi, kuma a kanta ake ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Akwai tuwo zafi, akwai koko da ƙosai, har waɗanda ba Hausawa ba kokon Hausa suke ce masa. Dokunu ne ya gagare ni, wani dunƙulen masara mai tsami a cikin ɓawonta. Lawali ya cinye nasa ya cinye nawa, matar gidan ta ce shi ɗan gida ne. In sun gaisa kuma sai su ja yatsar juna ta yi ƙara, na yi ta gwadawa tawa ba ta ƙara. Wata rana muka wuce wani kafinta yana fentin wani ƙaton kifi na katako. Na ce na wasan yara ne? Alhaji ya ce akwatin gawa ne, mamacin masunci ne. Na tuna likkafaninmu da makara, na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar da za mu je siton sai aka yi wa Alhaji rasuwa a wata unguwa. Ya kwatanta mana wurin, ya ce mu nemi injiniyar da ke kula da shi, Madam Abena. "Ni ban san kwamfuta ba," ya ce. "Abin da Madam ya faɗa mini a kanku, shi zan faɗa wa Bawa."

A ƙofar siton akwai wata mai sayar da wace. Da ta ji daga Najeriya muke sai ta washe baki ta ce, "Ƙanwana ma ya yi aure a Kano." Na juya ga Lawali na maimaita da irin muryarta, na ƙara da cewa ko angon ma mace ne, na tuntsire da dariya. Wata mata na tsaye a gefe tana jiran a ƙulla mata nata, da wando da gajeren gashi da sarƙar gicciye a wuya. Ban ko dube ta sau biyu ba. Da muka shiga ciki muka ce Madam Abena muke nema, sai ga ta ta shigo bayanmu da ƙullin wacenta.

Da Turanci ta yi mana maraba, ni kuma na gyara tsayuwa na zama tafinta. Ta kai mu wani dogon tebur ta nuna mana iri biyu da take da su da yawa. A jikin kowace an manna takarda. Ta farko furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, giga uku da ɗigo shida. Ta biyu giga biyu da ɗigo takwas. Memorin aiki, wanda masu gyara ke kira ram, duka biyun giga takwas-takwas. Na ce wannan ai ko ɗalibina na aji ɗaya ya san amsa. Memori daidai yake, furosesa ta fi gudu, ta farko za mu ɗauka. Ga ta kuma da giga da yawa, yadda Kawu ke so.

Lawali bai dubi takardar ba. Ya ce in roƙa masa izini ya kunna su. Ya buɗe irin jarrabawar gwajin da yara za su yi, ya buɗe shafuka bakwai ko takwas, ya sa wani bidiyon darasi, duk a lokaci guda, a kan kowace. Sa'an nan ya dafa ta farkon da tafin hannu ya karkata kai yana kallon allonta, yadda ake sauraron marar lafiya.

"Wagga iska taka niƙa," ya ce.

"Wace irin magana ta wagga?"

"Ka tuna injin Baba? In mai zuba hatsi yam makara, injin ba shi tsayawa, sai ma shi ƙara kuka, amma ba gari. Wagga gudu gare ta, ba a kawo mata da wuri na. Diba, hwanka na ta kuka, shahin bisa allo na tsaye. Waccan ba ta kai ta gudu ba, amma bakinta cike shike."

Madam ta tambaye ni me ya ce. Na fassara a gajarce, ina ɗan murmushi don ta san ni ba ra'ayina ba ne. Sai na ga ta ajiye ƙullin wacen. Ta ɗauko sukudireba ta miƙa masa, ba ni ba. Ya buɗe ta farko: ram ɗaya, siriri kamar faratin aski, ramin kusa da shi fanko. Ya buɗe ta biyu: guda biyu, kowane giga huɗu, kuma sabon yayi.

Daga nan ta fara bayani, ni kuma dole in juya masa, kowace jimla kamar ina haɗiyar maɗaci. Ta ce a cikin furosesa akwai tiransista, irin mai ƙafa ukun nan da ya sani a rediyo, amma an ƙanƙanta su har ana zuba biliyoyi a wurin da bai fi farce ba. Kowace makunni ce, kunna da kashe. Da aka yi ta rage girmansu sai suka ƙara saurin juyawa, kuma gigar da ke kan takarda ƙidayar bugun furosesa ce, giga uku bugu biliyan uku ke nan a daƙiƙa. Sai dai abin da za ta yi aiki a kansa ba a cikinta yake ba, yana cikin memori, a waje. Shi kuwa memori bai ƙara sauri yadda furosesa ta ƙara ba. In ta nemi abu ba ya kusa, tana iya yin bugu ɗari biyu ko fiye tana zaune hannu rabbana kafin ya iso.

Ni duk karatuna girman memori aka koya mini. Ba wanda ya taɓa ce mini yana da sauri ko nawa. Na haɗiye wannan ban fassara ba, tunda ba ita ta faɗa ba.

Sai ta nuna ta biyun ta ce wannan ta fi kash a ciki. Na juya da ƙarfin gwiwa na ce wa Lawali, "Ta ce wagga ta hi kuɗi a ciki."

"Kuɗi? Cikin inji?"

"Haka tac ce."

Ya leƙa cikin kwamfutar da gaske. Madam ta rufe baki da hannu, na ɗauka tari ne. Ta jawo takarda ta zana. Ashe kalma biyu ne masu sauti ɗaya a Turanci, kuma wadda take nufi ba kuɗi ba ce. Kash ɗan ƙaramin ma'aji ne mai tsananin sauri da ake ginawa a cikin furosesar kanta, inda take ajiye abin da ta taɓa yanzu da wanda take tsammanin za ta nema. Lawali ya dubi zanen kafin in gama gyara ɓarnata.

"Kwanon bisa injin ke nan," ya ce. "Ram su na buhunnan bakin ƙohwa. In kwanon na da girma, ba ka yawan zuwa ƙohwa. In kau masu ɗauko buhu biyu na, sun hi guda." Ya nuna ram biyun nan.

Na ce to me ya hana a ƙara giga kawai har ta rufe jiran? Wannan tambayata ce, na yi ta da Turanci mai kyau. Ta ce in aka matsa wa tiransista su ƙara gudu zafi suke yi su ci wuta, kuma ko an ƙara, jiran ne zai ƙaru ba aikin ba. Amma don adalci ta ce bari ta nuna mana wani abu. Ta ba kwamfutocin biyu wani lissafi zalla, ƙarami, wanda ba ya buƙatar zuwa ƙofa. Tawa ta riga gamawa. Zuciyata ta yi fari, har na dubi Lawali ta wutsiyar ido. Sai ta ce, "Ka gani, gudun na nan. Amma yaranku ba wannan aikin za su yi ba. Shafuka za su buɗe, da hotuna da darussa, aikin ɗauko-da-kawo." Ta ƙara wa tawa ram na biyu, ta ɗan farfaɗo, amma ba ta kamo ɗayar ba, domin ba ta karɓar sabon yayin mai sauri, kash ɗinta kuma ƙarami ne.

Sa'an nan ta tsaya ta dubi Lawali, ta yi magana a hankali don kada in rasa komai. Ta ce ta daɗe a wannan aiki, masu digiri sun zo sun wuce ta hannunta, da yawansu sai ta yi mako tana nuna musu abin da wannan ya ji da tafin hannunsa. Ta ce tana da tebur guda da ba kowa, in zai zauna wata shida za ta koya masa karatun zanen injin da aikin na'urorin awo, ba za ta karɓi komai ba. Ta ce kuma za ta gaya wa Alhaji Isaka ya gaya wa kawunmu cewa ya riga ya sami mutuminsa.

Lawali ya dube ni. "Mi tac ce?"

Ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ne. Na ga makullin ya tafi, na ga allo da alli suna jirana har tsufa, na ga mutanen Anka suna ƙara wa "hannun Lawali" gishiri. 

Na ce, "Ta ce ka cika taɓa kayan mutane. Ka ruhe musu inji mu tahi."

Fuskarsa ta faɗi. Ya ɗauki murfin ya fara mayar da kusoshin da sauri. Ya ɗan rusuna mata ya faɗi kalmar ban haƙuri ɗaya da ya sani da Turanci.

"Ba haka na faɗi ba."

Da Hausa aka yi maganar. Na waiga ina neman mai wace, ba kowa sai Madam Abena.

"A zango aka haife ni, Kumasi," ta ce. "Uwana ya yi shekara talatin yana sayar da koko cikin Hausawa. Na ji ka a ƙofa kana dariyan Hausanmu, shi ya sa na ce bari in yi Turanci, kada ka yi dariyana." Ta juya ga Lawali ta maimaita masa duk abin da ta faɗa, tun daga masu digiri har zuwa teburin, da Hausarta da ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ban taɓa jin Hausa mai fita sarai kamar ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Lawali ya saurara har ta gama. Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Madam, kada ki ɗauke shi da zahi. Taubashina na, bawana na. Wasa na irin namu, ni ma haka nika yi mai. Don Allah kada ki kai wa Alhaji wagga."

Ta dube shi, ta dube ni. Ba ta yarda ba, kuma ta san ya san ba ta yarda ba. Ta ce to.

Duka ashirin ɗin irin ta biyu muka ɗauka. A hanyar komawa masauki na buɗe baki sau uku, kowane karo sai ya nuna mini wani abu a titi. Bai sake tayar da maganar ba har na baro garin. Abin da Alhaji Isaka ya gaya wa Kawu a waya shi ne ɗaya zai tsaya koyon aiki, ɗaya zai taho da kaya. Lawali ya raka ni tasha, ya ba ni turmin atamfa in kai wa Innarsa.

Dawowar ba ta da labari sai gajiya, da jami'an da suka yi ta buɗe kwali suna rufewa. Kawu ya ga takardun jikin kwamfutocin ya ce gigar ba ta yi kaɗan ba? Na yi masa bayanin injin niƙa da kwano da buhunan ƙofa, ya gyaɗa kai ya ce lallai boko bai faɗi ƙasa banza ba. Ya miƙo mini makulli ya ce in riƙe tukuna. Yanzu yara na cika wurin, injuna na tafiya sumul, kuma a karon farko a rayuwata na ji ana cewa Malam Nasiru ya iya zaɓe. In na ce hassadar ta tafi na yi ƙarya. Kullum na buɗe ƙofar nan sai na tuna yana can gaban teburinsa yana koyon abin da ban sani ba, kuma ko makullin da ke hannuna shi ya bar mini. Kawu zai ji gaskiyar a wannan takarda, don na kasa faɗa masa da baki.

Sai da na yi mako biyu ina jan ƙafa kafin na kai atamfar Bukkuyum. Na iske Inna Jumma a tsakar gida tana dama fura. Lawali ɗanta na fari ne, kuma Bafillatana ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ta tambayi hanya, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi ko ana samun nono a can. Atamfar ko buɗe ta ba ta yi ba, ta tura ta ƙarƙashin tabarma. Na sha furar na yi shirin tashi, ina murna na tsira.

Ta juya mini baya tana wanke ludayi.

"An ce wata mata can ta yi magana bisa wancan da kunka tahi tare," ta ce. "Shi ba shi hwaɗi. Kai ka jin Turanci. Mi tac ce?"

Na koma na zauna. Na faɗa mata duka, masu digirin, da tafin hannun, da teburin, da cewa Kawu ya riga ya sami mutuminsa. Ban rage ko kalma ba, har da ta ƙarshen da ta fi yi mini ciwo.

Ba ta waigo ba. Ludayin ya daɗe da fita, amma tana ta cuɗa shi.

"Kunnena ya yi nauyi kwanan ga, Nasiru," ta ce. "Sake hwaɗi."

Na sake faɗa.